NASIHA GA MALAMAN ALLO DA NA ASIBITI A KAN ASIRIN YARA

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya halicci ɗan Adam, ya girmama shi da hankali, ya sanya hankalin nan sharaɗi kafin a ɗora masa hukunci. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, wannan magana ce a kan wani al'amari da ke aukuwa a tsangayu da Islamiyyu da makarantun boko na ƙasar Birnin Kudu da Gwaram, tun daga Yalwan Damai har Sara. Kowa ya san shi, amma ba a cika ambatonsa a zaure ba. Shi ne al'amarin yaron da hankalinsa ya fara juyawa alhali yana hannun malami. Mas'alar ita ce, malamin da ya fara gani, wa zai gaya wa, me zai faɗa, me kuma zai bari a cikinsa? Idan kuma yaron ya kai ga likita, wane bayani ne ya kamata ya komo wa malami?

A ƙaddara wani gardi ɗan shekara 17, ubansa ya kawo shi daga nesa tun yana kolo, ga shi ya kusa sauka. Bayan kaka sai aka ga haddarsa ta fara zubewa. Izun da ya ke biyawa ba gargada, yanzu sai ya tsaya a tsakiyar sumuni ya zuba wa allo ido. Dare ya yi, 'yan'uwansa sun kwanta, shi yana zaune bakin toka yana magana shi kaɗai. Ya daina cin abin da aka samo, ya ce an zuba masa wani abu a ciki. Ran nan ya ce da wani titibiri shi dai ya gaji da duniya.

A al'ada ɗayan abu uku a ke yi. Ko malam ya yi shiru, ya tsaya ga tofi da rubutu har ranar da yaron zai bi titi. Ko ya sallame shi gida da saƙon cewa ya daina jin magana, uba kuwa ya kai shi wata tsangaya ba tare da ya faɗi kome ba, sabon malami ya tarye shi da bulala. Ko kuwa zancen ya fita daga bakin almajirai ya shiga kasuwa, a laƙaba wa yaro sunan mahaukaci, sunan da zai bi shi har furfura. Cikin ukun nan babu wadda ta kai shi ga magani.

Abin lura a nan shi ne, labarin yaron nan a rarrabe ya ke. Malam ya san yadda darensa ya ke da ranar da hadda ta fara zuba. Uba ya san cewa wani ƙanensa ya taɓa yin irin wannan. Uwar ɗakin da ya ke yi wa aike ta san ya kwana uku bai taɓa tuwonta ba. Mai kantin magani ya san ƙwayar da ya ke saye, idan yana saye. Likita kuwa, wanda shi ne zai rubuta magani, zai gan shi na ɗan lokaci kaɗan, bai san ko ɗaya daga waɗannan ba. Kowa na riƙe da guntun takarda, babu wanda ya haɗa ta a karanta.

Kada wani ya ce abin kaɗan ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cikin yara bakwai masu shekara 10 zuwa 19, ɗaya yana ɗauke da wata lalura ta hankali, babba ko ƙarama, kuma rabin irin waɗannan cututtuka kan fara ne kafin mutum ya wuce shekara 14. Waɗannan kuwa su ne shekarun da yaro ke gaban malami safe da yamma. Tsangayar da ke da almajirai 70, lissafin nan bai tsallake ta ba. Ga kuma shaye-shaye ya ƙara wa wutar iska. Binciken da aka yi a 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3 a Nijeriya, masu shekara 15 zuwa 64, sun yi amfani da kayan maye a shekarar da ta gabace shi, kuma a watan Mayu na 2018 ne gwamnati ta hana yin maganin tari mai kodin da shigo da shi, saboda yadda ya ci samari da 'yan mata. Likitocin ƙwaƙwalwa kuwa, a ƙasa mai mutum sama da miliyan 200, ƙididdigar da ƙungiyarsu ta sha ambatawa ba ta kai su 300 ba. Ashe ke nan likita ba zai taɓa zuwa ya ga kowane yaro ba. Idon da ke kan yaro na malami ne.

To, mai tsoron Allah zai ce, ai wannan tonon asiri ne, shari'a kuwa ta yi umurni da suturta Musulmi. Gaskiya ne, kuma sutura a nan tana da babban asali. Ya zo cikin Buhari da Muslim cewa wata mace mai farfaɗiya ta kai kuka ga Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi. Ta zaɓi haƙuri a kan ciwon, amma ta roƙi a yi mata addu'a kada jikinta ya riƙa buɗewa idan ta faɗi, ya kuwa yi mata. Mai ciwo yana iya jure ciwo, abin da ya fi yi masa zafi shi ne a kalle shi. Saboda haka malamin da ya mayar da lalurar almajirinsa abin hira a majalisa ya ci amana, ko da abin da ya faɗa gaskiya ne. Magana zarar bunu ce, in ta fita ba ta komawa.

Amma fa malaman da suka tsananta a kan giba su ne kuma suka ware wuraren da ambaton aibin mutum ya halatta. Imamun Nawawi ya lissafa guda shida cikin Riyadus Salihin, daga ciki akwai neman fatawa, da neman taimakon wanda ke da ikon gyara, da yi wa wanda ya nemi shawara nasiha. Hindu 'yar Utba ta faɗi halin mijinta a gaban Annabi domin ta san hukunci, ba a hana ta ba. Faɗimatu 'yar Ƙaisu ta nemi shawara a kan maza biyu da suka nemi aurenta, aka gaya mata abin da ke ga kowannensu. Ƙa'idar ita ce a faɗa wa wanda zai iya amfanarwa, gwargwadon bukata, da niyyar gyara. Amana kuwa, ma'anarta a kai abu ga mai shi. Ɗan aiken da aka ba wasiƙa, idan ya karanta ta a kasuwa ya ci amana, idan ya binne ta a rami ma ya ci amana. Labarin ciwon yaro wasiƙa ce, masu ita kuwa su ne ubansa da mai yi masa magani.

Sakamakon binne wasiƙar nan an gan shi da ido. A watan Satumba na 2019 'yan sanda suka shiga wani gida a Rigasa ta Kaduna, suka fito da mutum sama da 300, manya da yara, da yawansu da mari a ƙafa. A watan Oktoba aka sake samun irin wannan a Daura da Katsina da Zariya. Duniya ta ji, aka yi ta zagin makarantun allo baki ɗaya, mai laifi da mara laifi. Amma a tambaya, ta yaya yaran nan suka isa can? Da yawa iyayensu ne suka kai su da hannunsu, saboda shaye-shaye ko taɓin hankali, domin ba su san wata ƙofa ba, kuma suna gudun a ji. Mai riƙe da su bai san bambancin mai taurin kai da mai ciwo ba, sai ya haɗa su a turu ɗaya. Shari'a ta ɗauke alƙalami daga wanda hankalinsa ya gushe har ya dawo. Wanda Allah bai rubuta wa laifi ba, da wace hujja ɗan Adam zai yi masa bulala?

Har wa yau a 2020, lokacin annobar korona, gwamnonin Arewa suka mayar da almajirai jihohinsu, Jigawa ta karɓi ɗaruruwa daga Kano da wasu wurare. An loda yara a mota, mafi yawansu babu wata takarda da ke faɗin ciwon da ke jikinsu ko maganin da su ke sha. Mai farfaɗiya kuwa idan ya yanke maganinsa farat ɗaya, faɗuwar kan komo da ƙarfi, har ta kai ga halaka. Wannan ya isa ya nuna cewa rashin rubuta labarin yaro haɗari ne ga ransa.

Wani kuma zai ce, asibiti ba ta san aljani ba, to me za a kai mata? Amsar tana cikin littattafan da ke zauren malamai. Ibnul Ƙayyim cikin Zadul Ma'ad ya kasa farfaɗiya kashi biyu, ɗaya daga miyagun rauhanai, ɗaya daga gurɓatar abubuwan da ke cikin jiki, ya ce na biyun shi ne fagen likitoci. Abu Zaidu al-Balhi, wanda ya rasu a 934, ya rubuta littafi a kan gyaran jiki da rai, ya yi bayanin baƙin ciki da tsoro da waswasi a matsayin cututtuka masu magani. Asibitin da Sarki Ƙalawun ya gina a Alƙahira a 1284 yana da sashen masu taɓin hankali. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ma ya wallafa littattafai a kan ilmin magani. Babu wanda ya ce malam ya ajiye addu'a. Abin da a ke cewa shi ne, zazzaɓin da ya hau ƙwaƙwalwa, da ƙwayar maye, da ciwon da a ke gado, dukansu kan fito da kamanni ɗaya da abin da a ke kira shafar iska, ba a kuwa rarrabe su da ido. Malam ya ci gaba da tofi, yaro kuma ya je a auna shi.

Haɗin gwiwar nan an gwada shi a ƙasar nan. A 1954 Likita Adeoye Lambo, a Aro kusa da Abeokuta, ya sauke marasa lafiyar hankali a gidajen ƙauyukan da ke kewaye da asibiti, kowa tare da ɗan'uwansa, ya kuma jawo masu maganin gargajiya suka yi aiki tare da shi. Hanyar ta yi suna har mutumin ya zama mataimakin shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya. A 2020 kuma aka buga sakamakon wani gwaji da Farfesa Oye Gureje ya jagoranta a Ibadan da Kumasi ta Gana, a kan marasa lafiya sama da 300 da ke hannun masu maganin gargajiya da masu addu'a. Waɗanda ma'aikatan asibiti suka riƙa ziyarta a can inda su ke, ana musayar bayani da mai riƙe da su, sun fi sauran samun sauƙi bayan wata shida. Abin da ya yiwu a Ibadan, babu abin da zai hana shi yiwuwa tsakanin tsangayun Yalwan Damai da Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu.

Dokar ƙasa ma ba ta saɓa wa wannan ba. Dokar Lafiya ta 2014 ta ce labarin majinyaci asiri ne, ba a fitar da shi sai da yardarsa a rubuce, ko da umurnin kotu, ko bisa neman uba ko waliyyi idan yaro ne, ko idan ɓoyewar za ta cutar da jama'a. A watan Janairu na 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar lafiyar hankali, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, ta kuma tabbatar wa mai wannan lalura mutuncinsa da asirinsa. Ma'anar wannan ga malami ita ce, likita ba ya da ikon gaya masa kome game da almajirinsa sai uba ya yarda. Mabuɗin yana hannun uba ke nan, sai a karɓi yardarsa tun da wuri, tun ran gini ran zane.

Saboda haka ga shawara, ba ta kuwa bukatar kuɗi mai yawa. Ranar da uba ya kawo ɗansa ya damƙa wa malam, bayan an yi fatiha, a ɗauki takarda guda a rubuta sunan yaro da garinsu da lambar wayar uba ko waliyyi, a tambayi ko yana da farfaɗiya, ko ya taɓa rikicewa, ko akwai maganin da ya ke sha. A rubuta kuma cewa uba ya yarda malam ya kai shi asibiti idan bukata ta taso, likita kuma ya gaya wa malam abin da ya shafi kula da shi. Uba ya sa hannu ko ya dangwala. Takardar nan ta zauna a akwatin malam tare da littattafansa, kada gardi ko matar gida su gan ta. A yi ta da ajami, domin shi ne rubutun da malam da uba ke karantawa ba tare da sun kira na uku ba, kiran na uku kuwa shi ne farkon fitar asiri. Hukumar tsangayu da Jihar Jigawa ta kafa a zamanin Gwamna Umar Namadi, da hukumar almajirai ta tarayya da aka kafa a 2023, aikinsu ne su buga irin wannan takarda da ajami da boko a fuska ɗaya, su raba.

Idan alamu suka bayyana, malam ya fara da yaron da kansa. Ya kira shi keɓe, ya tambaye shi da taushin murya, ya gaya masa cewa za a sanar da mahaifinsa da likita, ba za a sanar da kowa bayansu ba. Matashi idan ya gane ana zancensa a bayan idonsa, ba zai sake buɗe baki ba. Sa'an nan a kira uba. Sa'an nan a rubuta wa asibiti abin da ido ya gani kawai: yaushe abin ya fara, kwana nawa bai yi barci ba, yana ci ko ba ya ci, ya yi zazzaɓi ko ya faɗi, me ya ke faɗa, me aka ba shi ya sha. Kada malam ya rubuta hukunci, kada ya ce mahaukaci ne ko aljani ne. Shaida ya ke bayarwa, mai shaida kuwa ba ya yanke shari'a. Abin da yaro ya faɗa masa na sirrin gidansu wanda bai shafi ciwon ba, ya bar shi a ciki, ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

Wuri ɗaya ne ba a jiran yardar kowa. Idan yaro ya ambaci kashe kansa, ko ya nemi igiya ko maganin ƙwari, ko ya ɗauki makami a kan wani, to a ranar za a kai shi, a sa mai hankali ya zauna da shi dare da rana, a kawar da abin da zai cutar da kansa da shi. Ko ya sa malam ya rantse ba zai faɗa ba, sai malam ya faɗa ya yi kaffara, domin tsare rai yana gaba da tsare asiri.

Ma'aikatan asibiti su ma akwai nasu. Kada su dubi malamin da ya kawo yaro da ido na raini, ko su tsare shi da tuhuma, domin idan aka kunyata shi sau ɗaya, shi da makwabtansa goma ba za su sake kawowa ba. Kuma tilas ne bayani ya komo. Magungunan taɓin hankali, waɗanda aka fara samu a Faransa a 1952, suna da halinsu. Wasu kan sa barci mai nauyi, wasu kan sa rawar hannu da dalalar miyau, wani lokaci wuya ya murɗe, ido ya juya sama, harshe ya fito. Malamin da ba a gaya wa ba, idan ya ga haka zai ce aljanin ne ya tashi, ya hana maganin, alhali kuwa abu ne da likita ke gyarawa cikin sauƙi. Wanda ba a gaya wa zancen barcin ba zai tashi yaro karatun asuba da bulala. Layi biyar sun isa: ga lokacin shan magani, ga abin da za a iya gani, ga alamar da za a dawo da gaggawa, ga yadda zai yi da azumi, ga ranar komawa. Sunan ciwon ma ba dole ne a rubuta wa malam ba. Idan kuma aka tura yaro gaba, zuwa asibitin Kazaure, ko Dawanau, ko asibitin koyarwa na Aminu Kano, takardar ta bi shi, kada a sa iyaye su yi doguwar tafiya su fara labari daga farko.

'Yan mata kuwa, al'amarinsu ya fi tsanani, domin abin da iyaye ke tsoro shi ne aure. Yarinya a Islamiyya ko a sakandare ta fara suma, ko ta daina magana, sai a cire ta a ɓoye ta a ɗaki har a samu wanda zai ɗauka. Masu yin haka su tuna cewa a mazhabar Maliku taɓin hankali yana cikin aibobin da ke ba miji ko mata zaɓin warware aure idan an ɓoye. Ɓoyewar ba ta tsare auren ba, jinkirta kunyar kawai ta yi, ta kuma bar ciwon ya yi jijiya. Yarinyar da aka yi wa magani da wuri a asirce, tsakanin uwarta da malamarta da ma'aikaciyar asibiti mace, ta fi kusa da zaman aure lafiya. Shugaban makaranta kuma ya sani, ba a karanta irin wannan a taron malamai, ba a rubuta shi a takardar sakamakon jarrabawa.

'Yan kasuwa sun fi kowa gane wannan magana. Dillalin da ya ɓoye aibin dabba ya sayar, ya san cinikin zai dawo masa. Falken da ya ga gada ta karye bai gaya wa na bayansa ba, ba a ce da shi mai riƙon asiri. Da yawansu kuma akwai almajiri a rumfarsu yana yi musu aike, ko ɗansu yana wata tsangaya a nesa. Wanda ya ga yaron rumfarsa ya canja, ya je wurin malaminsa a keɓe, kada ya faɗa wa maƙwabcin rumfa. Wanda Allah ya hore wa, ya sani kuɗin mota zuwa asibiti da kuɗin maganin wata guda su ne sau da yawa ke tsakanin yaro da mari, sadaka kuwa ba ta da wurin da ya fi wannan.

Hakimai da dagatai da limaman ƙasar Dutse su ne za su iya zaunar da alarammomi da ma'aikatan ɗakin shan magani a tabarma ɗaya, kowane gari a san mutum ɗaya amintacce a asibiti wanda malam zai kira. Uba ya ba malam ɗansa da hankalinsa, ranar sakamako za a tambayi kowane makiyayi abin da aka ba shi kiwo.

Allah ya tsare hankulan 'ya'yan Musulmi, ya ba marasa lafiya lafiya, ya suturta wanda ya suturta su. Allah shi ne mafi sani. Wassalamu.